Takwas da Ɗigo Huɗu

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe goma da kwata na safe

Sun karɓe min katin shiga ɗakin gwaji. Baba Mai Makulli aka aiko ya karɓa, dattijon da ke kula da injunanmu tun kafin a haife ni, kuma da ya miƙo hannu ƙasa yake kallo kamar shi ya yi laifin. Na ba shi. Na ce ya adana min da kyau, zan dawo in karɓi abina.

Yanzu ina zaune a bencin da ke gaban ofishin sashe, da takarda a cinyata. Takardar ta ce an kafa kwamitin mutum uku su binciki "sahihancin sakamakon" da na bayar. A taƙaice, zargina ake yi da ƙirƙiro lamba. Shekara huɗu ina kan digirin nan, saura wata biyu in kare kundina. Idan kwamiti ya ce ƙarya na yi, babu digiri, kuma babu ɗakin gwajin da zai sake buɗe min ƙofa.

Takwas da ɗigo huɗu. Ita ce lambar. Na auna ta, na gan ta da idona, a gilashi sittin da biyu. In ta kama in riƙa rubuta ta a nan kullum, zan rubuta.

Litinin, bayan la'asar

Umma ta ga na dawo da rana tsaka, ta tambaya ko wuta aka ɗauke mana. Na ce hutu aka ba ni. Ta yi min irin kallon nan nata, ta ci gaba da tsince shinkafa. Can ta ce in sake yi mata bayanin aikin nawa, wai ta manta. Ba ta manta ba. So take in yi magana ta ji inda muryata za ta karye.

Na yi mata, daga farko. Tiransisto ƙofa ce 'yar mitsitsiya da ke buɗe wa wutar lantarki hanya ko ta rufe, akwai su jingim a cikin wayarta. Na cikin waya da silikon ake yin su, mu kuwa da wani ruwa kamar tawada muke yin namu, don wata rana a iya buga su a kan leda mai lanƙwasuwa. Akwai ɗan gilashi mai kusurwa huɗu, bai fi farcen babban yatsa ba, an riga an zana masa gaɓa biyu na zinare da 'yar tazara a tsakaninsu. In ɗora shi a kan farantin inji mai ɗumi, in ɗiga tawadar, reza ta shafe ta a hankali, ta bushe. Ƙwayoyin sinadarin da ke cikin tawadar dogaye ne kamar silin gashi. Idan sun kwanta a jere, caji yana bin su da gudu daga wannan gaɓa zuwa waccan. Idan sun cukurkuɗe, sai ya yi ta tsalle-tsalle yana ɓata lokaci. Saurin gudun nan muke aunawa. Kowa a sashenmu ɗaya da 'yan kai yake samu, ni kuma takwas da ɗigo huɗu.

Umma ta ce, "To laifin me kika yi, don naki ya fi gudu?"

Na ce ita ya kamata a sa a kwamitin. Sai bayan na faɗa na tuna ban gaya mata akwai kwamiti ba.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Tsantseni ya tare ni a ƙofar ɗakin karatu. Abokin aikina ne, teburinsa na jikin nawa, kuma ni na raɗa masa sunan, don mutum ne da zai wanke gilashi sau uku sannan ya tambaye ka ko ya wanku. Wata biyar ke nan yana bin takardar matakai da na rubuta, layi bayan layi, don ya maimaita aikina. Mafi yawan abin da ya samu ɗaya da ɗigo huɗu. Ya rantse min ba shi ya kai ƙara ba. Shi dai an nemi lambobinsa ne, ya bayar.

Na ce ai ban tambaye shi ba. Na ƙara da cewa da ya rage wanke gilashi ya mai da hankali kan aiki, da tuni ya samu. Ya ce, "Ni ma so nake ta fito, wallahi. Wata biyar ɗin nan nawa ne."

Na wuce na bar shi tsaye. Na san ban kyauta ba, kuma ba na jin komawa.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Farfesa bai ɗaga waya ba, kira huɗu ke nan. Shi ne malamina, shi ya haɗa sinadarin tun asali. Ranar da na fara kai masa takwas da ɗigo huɗu miƙewa ya yi tsaye, ya kira ni 'yarsa a gaban kowa. Takardar da muka buga tare ta ce sinadarin nasa da kansa yake jera kansa ta kowace fuska, ko ta ina aka shafa shi. Taro uku ya je yana nuna ta, har sabuwar riga ya ɗinka wa na ukun.

Ɗazu na hango shi daga tagar ɗakin karatu. Ya ga takalmina a bakin ƙofa, ko kuma ya ga ni kaina, sai ya ratse ta bayan wurin ajiye motoci, hanyar da ke da kwata. Mutum mai ciwon gwiwa ya tsallake kwata don kada ya gaisa da 'yarsa.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Zaman farko. Ɗaki mai dogon tebur, fanka ɗaya tana ƙara. Shugabar kwamitin daga sashen fiziks take, siririya, tabaranta rataye da zare, ba ta da fara'a kuma ba ta da cin fuska. Sauran biyun rubutu kawai suke yi. Na je da littattafan gwajina shida, na dire su a gabanta da ƙarfin da ya fi wanda na yi niyya.

Ba ta buɗe su ba, ta ce ta riga ta ga kwafinsu. Tambaya biyu gare ta. Ta farko, me ya sa duk gilasan nan sittin da biyu tsakanin ƙarfe shida da takwas na safe aka shafa su, lokacin da babu kowa a ɗakin? Na ce ina son aiki cikin shiru. Ta biyu, me ya sa ranar da na nuna wa Tsantseni yadda ake yi, yana tsaye a kaina, ɗaya da ɗigo uku aka samu? Na ce ranar an yi ruwa, akwai laima a iska. Ta ce ta duba ma'aunin laimar ɗakin na ranar, bai motsa ba.

Na ce to in ta fi ni sanin amsar ta faɗa min. Ɗaya daga masu rubutun ya ɗago kai. Ita ko a jikinta, ta ce Laraba mai zuwa zan shafa gilashi shida a gabansu, a auna a gabansu. Na ce ko yau.

Ina son shiru, wannan gaskiya ne. Akwai wani dalilin kuma, amma nawa ne, ba ruwansa da gwaji, ba ruwan kowa da shi.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe shida saura kwata na safe

Na tashi na yi sallah na sa takalmi, har na kai ƙofar gida kafin in tuna ba ni da kati.

Asabar, 8 ga wata, da hantsi

Yaya ya zo da nasa maganin. Yana da makarantar sakandare mai aji shida, kuma tun bara yake neman malamar kimiyya. Ya ce in rabu da mutanen nan, wa ya san ni a duniyar tiransisto ballantana a ce sunana ya ɓaci? Na ce ni na san kaina. Ya ce taurin kaina ne zai kashe ni, na ce to a rubuta haka a takardar asibiti. Ya yi dariya ba don ya so ba.

Muna shan shayi na miƙa hannu zan ɗauki kofi, hankalina na kan gardama, ban lura da wane hannu na miƙa ba. Umma ta yi gyaran murya. Shi ke nan, gyaran murya kawai. Na janye shi na sa a ƙarƙashin cinyata, na ɗauka da ɗayan. Shekarata ashirin da tara.

Lahadi, 9 ga wata, da rana

Takwas da ɗigo huɗu.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na goge farar rigar gwajina har sau biyu. Gobe in sun ga lambar ba zan ce komai ba. Zan tattara littattafaina in fita, in bar musu ƙofa a buɗe su rufe da kansu. Na yi ta maimaita wannan fitar a raina tun safe.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Ɗaya da ɗigo uku. Ɗaya da ɗigo ɗaya. Ɗaya da ɗigo biyar. Sauran ukun ma haka.

Ban yi kuskure ko ɗaya ba. Tawadar daga kwalbata ce, zafin farantin daidai, saurin rezar daidai. Mutum shida ne a kaina: 'yan kwamiti, Farfesa a can baya ya harɗe hannu, Tsantseni, da Baba Mai Makulli a bakin ƙofa. Na zauna a miƙe, na yi komai a tsanake, yadda ake yin abu a gaban mutane. Hantsakin bai yi rawa a hannuna ba. Da gilasan suka bushe Tsantseni ya ɗora musu alluran awo, lambobin suka riƙa fitowa a allon kwamfuta ɗaya bayan ɗaya.

Da ma wani ya zage ni, da na san abin da zan yi da bakina. Shugaba ta cire tabaranta ta ce za su rubuta rahoto nan da mako biyu, kuma in ina da abin faɗa, ƙofarta a buɗe take.

Na fita, kuma ni na rufe ƙofar, a hankali.

Alhamis, 13 ga wata, da safe

Ban ci komai ba. Umma ta ajiye min burodi a bakin gado, ta dawo ta ɗauke.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Yau Farfesa ya tuna da lambar wayata. Ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya sa aka kawo min ruwa. Ya riga ya buga takarda, sunana a ƙasa, saura sa hannu. Takardar ta ce na'urar awo ce ta samu matsala a watannin nan, ni kuma saboda ƙarancin ƙwarewa ban gane ba. In na sa hannu, zai yi magana da Shugaba, a rufe maganar, a janye lambar kawai, bayaninsa game da sinadarin ya tsaya. A ƙara min shekara ɗaya in gama da wani ƙaramin aiki. Ya ce babu wanda zai kira ni maƙaryaciya, kowa na kuskure.

Na ce na'urar nan ita ce Tsantseni ke amfani da ita da rana, ko ita ma sai da asuba take lalacewa? Ya ce ba lokacin wayo ba ne. Ya ce yana nema min mafita ne kamar yadda zai nema wa 'yar cikinsa.

Na ce, "Farfesa, in 'yar cikinka ta ce ta ga abu sau sittin da biyu, za ka ba ta biro ta rubuta cewa ba ta gani ba?"

Ya ba ni zuwa Laraba. Ya tura min takardar, na bar ta a teburin tare da ruwansa.

Asabar, 15 ga wata, bayan azahar

Na baje kwafin littattafan a tabarma na bi su shafi-shafi. Na fara tunanin ko da gaske akwai abin da ke damun kaina, ko na riƙa ganin abin da nake son gani. Wannan ya fi zargin nasu ciwo. Na kai awa guda a haka, sannan na tuna gilashi na sha bakwai, ranar da na auna shi sau tara don na kasa yarda, har na ciji leɓena ya yi jini.

Na gani. Ban san me ya faru ranar Laraba ba, amma na gani.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Baba Mai Makulli ya zo har gida da kwali. An ce a kwashe teburina, ya ce gara shi ya kwashe da a sa wani. Kofina, cajar waya, da 'yar shukar da nake ajiyewa a taga, ya ce kullum yana ba ta ruwa. Umma ta shimfiɗa masa darduma a tsakar gida. Ya ƙi taɓa maganar kwamiti, sai hirar injuna, wane ya tsufa, wane ke ɗigar mai.

Da zai tafi yana neman takalminsa ya ce, "Kin san har kewar rigimarki nake yi, 'yar nan? Shekara uku kullum in na shigo ƙarfe takwas sai na tarar kin juya min tiren gilasai, in mayar da shi, gobe in tarar kin sake juyawa. Mako biyu ke nan yana zaune inda na ajiye shi."

Na raka shi bakin titi, na yi masa godiya, na dawo. A tsakiyar tsakar gida na tsaya cak, maganar tiren ta dawo min.

Litinin, bayan magariba

To bari in rubuta, tunda littafina ne. Ni bahaguwa ce.

Ban taɓa rubuta wannan ba, ban taɓa faɗa wa kowa a sashen ba. Ina da shekara biyar Umma ta fara ɗaure min hannun hagu a jikina da ɗankwali lokacin cin abinci, bayan malamar ajinmu ta turo mata saƙo. A makaranta rula ce, a gida ɗankwali, har shekara biyu. Na koyi ci da dama, rubutu da dama, miƙa abu da dama. Abin ya bi jikina har ba sai na yi tunani ba: in akwai ido a kaina, dama ce ke fita. Amma aiki mai laushi, sa zare a allura ko ɗaukar gilashin da bai kai farce ba, hagu ce ta iya. Shi ya sa nake zuwa ƙarfe shida, don in yi aiki da hannuna babu mai gyaran murya.

Yanzu ga tiren. Yana zaune a daman injin, bakinsa yana kallon farantin, don mai aiki da dama ya zaro gilashi ya zura shi kai tsaye. Da hagu ba ya yiwuwa, sai na tsallake injin. Don haka nake jawo shi gabana in juya bakinsa ya kalli ƙirjina. Juyin kwata guda. Duk gilashin da na zaro, a juye yake hawa faranti, kuma ban taɓa lura ba, don kusurwa huɗun nan daidai suke, tazarar zinaren kuwa ido ba ya ganinta.

Rezar ce ke taje ƙwayoyin, suna kwanciya ta inda ta bi. A hannun kowa, suna kwanciya a gicciye tsakanin gaɓoɓin biyu, dole caji ya yi ta tsallake su sili-sili. A hannuna na hagu, suna miƙewa daga wannan zinare zuwa wancan, caji ya hau ya zarce. Ranar da na nuna wa Tsantseni da dama na yi. Ranar Laraba, da mutum shida a kaina, da dama na yi.

Ɗalibin shekarar farko ma ya san a duba wannan. Ba mu duba ba saboda Farfesa ya ce sinadarinsa ba ruwansa da fuska, ni kuma na ji daɗin a kira ni 'ya, ban tambaya ba.

Dariya nake yi ko kuka, ban tantance ba. Umma na ƙwanƙwasa ƙofa.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na je wurin Shugaba na nemi a sake gwaji. Ta ce gwaji ɗaya doka ta ba ni, sai in akwai sabon dalili, kuma a rubuce. Ta tura min farar takarda. Na zauna ina kallonta kusan minti goma. Wai ni da na tsaya gaban Farfesa ban ji ɗar ba, kalma uku ce ta tsayar min da biro. Ni bahaguwa ce: na rubuta su, na rubuta sauran, har da cewa takardar matakan da na ba abokin aikina ba ta cika ba, kuma laifina ne.

Ta karanta sau biyu. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi min kallon tausayi ba, na gode mata da wannan. Ta tambaya ko na san abin da hakan ke nufi ga takardar da muka buga. Na ce na sani: lambar gaskiya ce, bayanin ne ƙarya, kuma sunana ne a farkonta. Ta ce Alhamis ƙarfe tara. Gilashi shida ni, shida wani daban, don kada a ce hannuna ne ke da siddabaru.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Na sami Tsantseni yana wanke gilashi, me kuma zai yi. Na aika Baba ya kira min shi waje. Na shirya jawabi tun a hanya, da na gan shi sai jawabin ya gudu. Na ce masa layi ɗaya ne babu a takardar da na ba shi, kuma layin nan ne ya cinye masa wata biyar. Na ce abin da na faɗa masa a ƙofar ɗakin karatu rashin mutunci ne, ya yafe min.

Ya saurari bayanin tiren har ƙarshe. Sannan ya ce, "Shekara uku muna zaune kusa da juna, kina ganin da na ga kina aiki da hagu wani abu zan ce?"

Bai ce ya yafe ba. Ya ce zai shafa shidan.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Wa'adin Farfesa ya cika, shi ya kira da kansa. Labari ya kai masa. Ya ce in tsaya in yi tunani, in abin da nake cewa ya tabbata, shekara goma na aikinsa ne zai zube, kuma ba ya jin zai iya ci gaba da duba kundin ɗalibar da ta yi masa haka. Na ce ba ni na yi masa ba, reza ce. Ya ce har yanzu takardar nan na teburinsa. Na ce ya juya bayanta ya yi lissafi a kai, kada ta tafi a banza.

Ina son mutumin nan, shi ya koya min riƙe hantsaki. Gobe ƙarfe tara.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Mutanen ranar nan ne, ban da Farfesa, ya aiko cewa yana da taro. Na zauna, na sa safar hannu, sai na ga dama ta riga ta ɗauki hantsakin da kanta. Na tsaya. Na ajiye shi a tebur, na sa dama a aljihun riga, na ɗauka da hagu. Na jawo tiren gabana na juya shi, ya yi 'yar ƙarar nan da na saba ji da asuba. Daga bakin ƙofa na ji Baba ya ce, "Yawwa, ga ta nan." Wuyana ya yi zafi kamar an tuɓe ni a kasuwa, amma hannun bai damu da kowa ba, ya yi aikinsa.

Tsantseni ya yi nasa shidan da dama, da tiren a juye, yana ta ƙorafin cewa ba daɗi.

Nawa na farko takwas da ɗigo ɗaya. Na biyu takwas da ɗigo shida. Nasa na farko takwas da ɗigo tara, ya fi duk wanda na taɓa samu, saboda gilashinsa ya fi nawa wankuwa. Ya kalli allon, ya kalle ni, ya ce to yanzu sai in sake maganar wanke gilashi ya ji.

Shugaba ta sa aka shafa ƙarin biyu da tiren a mazauninsa na da. Ɗaya da ɗigo biyu, ɗaya da ɗigo huɗu. Ta rufe littafinta.

Ban yi fitar da na shirya ba. Na tsaya na wanke kwalabe.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Rahoto ya fito. Babu ƙirƙira, akwai sakaci wajen rubuta matakai, kuma za a janye takardar da muka buga a sake ta. Na yarda da duka ukun. Farfesa ya rubuto wa sashe cewa ayyuka sun yi masa yawa, a nema min wani malamin. Kare kundi ya koma sai bayan wata takwas, kuma babi biyu sai na rushe su na sake. Har yau ban san wa ya kai ƙarar ba, kuma na daina son sani.

Baba ya ba ni katina a cikin ambulan, ya rubuta sunana a kai. Ya ce ya bar tiren yadda nake so, wanda bai iya ba ya koya.

Litinin, bayan la'asar

Sai yau na ba Umma labarin duka, har da ɗankwalin. Na yi niyyar in faɗa da zafi, na daɗe ina tanadin zafin nan, amma da na ga ta daina motsi sai muryata ta sauka. Ta ce, "Don kada a yi miki dariya na yi. Ni ma an ɗaure min nawa." Ban taɓa sani ba. Na kalli hannuwanta a kan cinyarta.

Ta tashi ta haɗa shayi. Da ta kawo, ta zagaya ta ajiye kofin a haguna, ta koma ta zauna tana kallon bango. Na ɗauka na sha. Na ji numfashinta ya tsaya a maƙogwaro, gyaran muryar ya taso, ta haɗiye shi.

Wannan shafin da hagu na rubuta shi. Layukan sun karkace kamar na 'yar aji ɗaya, tafina ya shafe tawadar, kuma ya ci min kusan awa guda. Ba zan kwafe shi da dama ba.